Daga Tokar Kasuwa Zuwa Allon Aji: Tarihin Awon Asid da Baz

Gabatarwa

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Duk macen da ta taɓa jefa ɗan gutsuren kanwa cikin tukunyar yakuwa ta san gaskiyar wannan magana, domin miyar takan yi kumfa na ɗan lokaci, in kumfar ta kwanta sai a iske tsamin ya gushe. Masana ilimin sinadarai suna kiran dangin tsami asid, dangin kanwa da ruwan toka kuma baz. Amma akwai tambayar da karin maganar bai amsa ba, wato kanwa nawa ke kashe tsami nawa?

Amsar wannan tambaya ce ake koyarwa a azuzuwan lise da sunan da littattafan Faransanci ke kira titrage ko dosage, wanda za mu kira awon ɗigo. Ana zuba awo sananne na ruwan da ba a san ƙarfinsa ba cikin kwalba, a sa masa ɗigon wani launi mai shaida, sa'an nan a riƙa ɗiga masa wani ruwan da aka san ƙarfinsa har launin ya juya. Daga yawan abin da aka ɗiga ake lissafa ƙarfin na farko. Malami ya rubuta Ca × Va = Cb × Vb bisa allo, ɗalibai su haddace, kuma da yawansu su faɗi jarrabawa ranar da aka ba su asid ɗin da wannan ƙa'ida ba ta hau shi ba. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙa'idar, domin tarihinta ne ke nuna inda take aiki da inda take yaudarar mai aiki da ita.

Toka da gardamar kasuwa

Awon ɗigo ya samo asali daga wata matsala ta ciniki a ƙasashen Turai cikin ƙarni na 18. A wancan zamani masu yin sabulu, da masu yin gilashi, da masu farfarar da yadi, duka sun dogara ga baz iri biyu. Na farko fotas, wanda ake samu in an ƙona itace, an tace tokar da ruwa, an dafa ruwan a tukunya har ya ƙafe. Ana kawo shi cikin ganguna daga Rasha da ƙasashen bakin tekun Baltik da Amurka ta Arewa, kuma darajarsa ta kai har takardar haƙƙin ƙirƙira ta farko da gwamnatin Amurka ta bayar, a shekara ta 1790, ta wata hanyar yin fotas ce, ta wani mai suna Samuel Hopkins. Na biyu soda, wadda ake samu daga tokar wasu tsire-tsiren bakin teku na Sipaniya da ciyawar teku ta Sikotlan. Wannan soda ita ce ƙashin bayan kanwarmu ta Manga da Kawar da Dallol Boso. Harafin Na da ɗalibai ke rubutawa ya fito daga natrun, sunan kanwar Masar, harafin K kuma daga kalmar Larabci ƙali, wato tokar tsiro.

Matsalar ita ce ganga biyu masu nauyi ɗaya kan bambanta ƙwarai wajen ƙarfi. Wata tokar cike take da yashi da gishiri, wata ta sha raɓa, wata kuma an yi mata algus da gangan. Mai saye ba shi da abin gwaji sai ido da harshe. In ya sayi marar ƙarfi sabulunsa ya ƙi kamawa, in kuwa mai ƙarfi ce bai sani ba, yadinsa ya ƙone.

Gwajin farko da tarihi ya riƙe na binega ne, wato ruwan khal. A shekara ta 1729 Claude-Joseph Geoffroy ya gabatar wa Majalisar Kimiyya ta Paris da hanyar gane ƙarfin binega: yana zuba masa garin fotas kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina tashi, sa'an nan ya kwatanta nauyin garin da kowane binega ya ci. A shekara ta 1756 Francis Home, wani likita na birnin Edimbura da ya yi bincike bisa aikin masu farfarar da yadi, ya juya abin. Ya narka toka cikin ruwa, yana zuba mata asid cokali bayan cokali har kumfar ta kwanta, kuma yawan cokulan ne ƙarfin tokar. Cokalin shayi ne ma'aunin farko na wannan ilimi, kumfa kuwa ita ce shaidar farko, kamar dai a tukunyar yakuwa.

Launi ya zama shaida

Kumfa shaida ce mai rauni, domin tana raguwa sannu a hankali, kuma ba kowane baz ke yin ta ba. Tun shekara ta 1664 Robert Boyle ya bayyana a Ingila cewa ruwan wani fure mai launin shuɗi yakan koma ja in ya haɗu da asid, ya koma kore in ya haɗu da baz. Sai da aka yi shekara ɗari da ɗoriya kafin a ɗaura wannan sani ga awo. A shekara ta 1767 William Lewis, cikin bincikensa bisa fotas ɗin da ake kawowa daga Amurka, ya yi amfani da juyin launi domin gane lokacin da asid ya gama cinye baz.

Wanda ya mai da wannan gwaji kayan aikin ɗan kasuwa shi ne François Descroizilles, mai haɗa magunguna a Rouen, birnin masaƙa a arewacin Faransa. A shekara ta 1791 ya ƙera wani bututun gilashi mai zane-zanen awo domin gwada ƙarfin ruwan kulorin na farfarar da yadi, dangin ruwan Javel, kuma shuni ne ya yi gwajin da shi: ana zuba ruwan shunin har launinsa ya daina gushewa. A wannan shekara ce kuma Nicolas Leblanc ya sami takardar haƙƙin hanyarsa ta yin soda daga gishiri. Yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa da na Napoleon sun katse hanyoyin toka, sodar masana'anta ta shigo kasuwa, gardamar ƙarfi ta ƙaru. A shekara ta 1806 Descroizilles ya fito da alcalimètre, bututun da ake cikawa da asid sulfurik mai sanannen ƙarfi, ana zuba shi bisa narkakkiyar toka, ana gwada ɗigonta da ruwan furen nan na Boyle. Daga nan farashin ganga ya fara bin lambar da bututu ya nuna.

Joseph-Louis Gay-Lussac ne ya gyara kayan aikin ya ba su sunayen da muke kira yau. Cikin wani rubutu nasa na shekara ta 1824 kalmomin burette da pipette suka shiga wannan fage, a shekara ta 1828 kuma, cikin bincikensa bisa fotas ɗin kasuwa, ya yi amfani da kalmar titrer. Asalin titre a Faransanci shi ne adadin zinariya ko azurfa ta gaskiya da ke cikin kuɗi ko ƙarau, saboda haka sunan aikin kansa yana ɗauke da tambayar ɗan kasuwa: nawa ne na gaske cikin abin da aka sayar mini? A shekara ta 1832 ya wallafa hanyar awon azurfa da ruwan gishiri, gidan buga kuɗi na Paris ya karɓe ta, kuma tun da hukuma ta yarda ta auna kuɗinta da ɗigo, masanan da ke raina wannan hanya suka fara sassautawa.

Duk da haka kowane kaya da nasa ruwan gwaji, kowace ƙasa da nata ma'auni. Soda tsantsa, wadda babu gauraye cikinta, a Faransa ana ce mata digiri 92 da ɗoriya bisa ma'aunin Descroizilles, a Jamus digiri 100, a Ingila kusan digiri 59. Kaya ɗaya ne, lamba uku, domin Faransawa suna ƙirga nauyin asid ɗin da ta ci, Jamusawa suna ƙirga sodar kanta, Ingilishi kuma suna ƙirga wani sashe nata kawai.

Neman rabo

Abin da ya rage shi ne a san dalilin da ya sa wani nauyi na asid ke cin wani nauyi na baz, ba ƙari ba ragi. Jeremias Benjamin Richter, Bajamushe da ya yi karatu a Königsberg zamanin da Kant ke koyarwa can, shi ne ya fara auna wannan da tsari. A shekara ta 1792 ya fara wallafa littafinsa, inda ya ƙirƙiro kalmar da Faransanci ya mai da ita stœchiométrie, wato awon asalin abubuwa. Ya nuna cewa rabon nauyin da asid da baz ke cin juna tsayayye ne. Rubutunsa na da wuyar fahimta, sai a shekara ta 1802 Ernst Gottfried Fischer ya tattara sakamakonsa cikin jadawali guda, inda aka kwatanta kowane baz da kashi 1000 na asid sulfurik.

Karl Friedrich Mohr, mai kantin magani a Koblenz, ya ɗauki wannan rabo ya zuba shi cikin kwalba. Littafinsa na shekara ta 1855 ya tattara hanyoyin awon ɗigo wuri guda. Ya ƙera biret mai ɗan tiyo na roba da matsi a ƙasa, yadda hannu ɗaya zai iya sakin ɗigo guda, ya kuma yaɗa amfani da ruwan da ake kira normal. Dabarar ita ce a narka cikin lita ɗaya nauyin da ya yi daidai da ƙarfi ɗaya: giram 40 na sodar wuta, ko giram 36,5 na asid kuloridirik, ko giram 49 na asid sulfurik. In an yi haka, lita ɗaya ta kowane asid za ta kashe lita ɗaya ta kowane baz. A nan ne ƙa'idar N × V = N' × V' ta samo asali, kuma a wannan tsari ba ta kuskure, domin mai haɗa ruwan ya riga ya saka rabon tun wajen awon gari. Ya kamata malamai su lura da giram 49 ɗin nan: rabin 98 ne.

A zamanin Mohr masana ba su daidaita ba bisa nauyin ƙwayoyin zarra. Wasu na rubuta ruwa HO suna ba iskar oksijen nauyi 8, wasu na rubuta H₂O suna ba ta 16. Amedeo Avogadro ya riga ya nuna mafita tun shekara ta 1811, da ya ce iska iri-iri masu cika wuri ɗaya, cikin zafi da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne, amma ba a saurare shi ba. A taron Karlsruhe na watan Satumba 1860, wanda masana kusan 140 suka halarta, aka rarraba ƙaramin littafin da Stanislao Cannizzaro ya rubuta a shekara ta 1858, wanda ya farfaɗo da ra'ayin Avogadro. Bayan haka ne aka fara yarda da jadawalin nauyi guda, aka kuma iya cewa ƙwaya ɗaya ta asid sulfurik tana cin ƙwaya biyu ta sodar wuta.

Wilhelm Ostwald ne ya yanko kalmar mol daga molekil a shekara ta 1893. Mol sunan ƙirga ne, kamar yadda ɗan goro in ya ce ƙwarya ya san ɗari yake nufi, ko fatake a da in sun ce keso sun san wuri dubu ashirin ne. Sai dai ƙwayoyin zarra ba su ƙirguwa da hannu, saboda haka ake ƙirga su da sikeli: mol ɗaya na sodar wuta giram 40 ne, na asid sulfurik giram 98, na soda giram 106. Babban Taron Awo da Ma'auni na duniya ya karɓi mol cikin ma'aunai na tushe a shekara ta 1971, kuma tun ranar 20 ga watan Mayu 2019 an tsai da adadinsa a 6,02214076 × 10²³ daidai.

Shaidun launi su ma sun ci gaba. Adolf von Baeyer ya haɗa fenolftalin a shekara ta 1871, aka fara awo da shi a 1877, eliyantin ya biyo baya a 1878. A shekara ta 1909 Søren Sørensen ya kawo ma'aunin pH a ɗakin binciken Carlsberg na Kopenhagen, wanda ya bayyana cewa kowane launi da wurin da yake juyawa. A wannan ɗaki ne Johan Kjeldahl ya fito da hanyarsa a shekara ta 1883, wadda ke ƙarewa da awon ɗigo, kuma da ita ake sanin yawan furotin da ke cikin gero ko wake ko gyaɗa. Haka nan masu sarrafa madara a ƙasashe masu amfani da Faransanci suna auna tsamin nono da digirin Dornic, inda kowane digiri ke daidai da giram 0,1 na asid laktik a lita, madarar shanu sabuwar tatsa kuma takan nuna 15 zuwa 18.

Yadda lissafin yake a yau

Bayan shekara ta 1971 littattafan makaranta sun bar normal sannu a hankali suka koma mol a lita. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, amma ya mai da wani nauyi bisa wuyan ɗalibi. Rabon da Mohr ya ɓoye cikin kwalba ya fito fili, dole mai lissafi ya nemo shi da kansa daga jimlar haɗuwar. An gaji siffar tsohuwar ƙa'ida, an sauya N da C, aka manta cewa sabuwar tana aiki ne kawai in rabon ɗaya da ɗaya ne.

Lissafin mataki uku ne. A fara da ruwan da aka sani, a ninka ƙarfinsa da yawan da aka ɗiga, a lita, a sami adadin mol. Sa'an nan a dubi jimlar haɗuwa a ga mol nawa na wancan ke cin mol nawa na wannan. Daga ƙarshe a raba da yawan ruwan da ake gwadawa, ko a ninka da nauyin mol in giram ake nema.

Alal misali, mu koma ga binegan Geoffroy. A ce mililita 10 na binega sun ci mililita 20 na ruwan sodar wuta mai ƙarfin mol 0,5 a lita kafin fenolftalin ya yi ja-ja. Sodar da aka ɗiga ita ce 0,5 × 0,020, wato mol 0,010. Jimlar ita ce CH₃COOH + NaOH → CH₃COONa + H₂O, rabo ɗaya da ɗaya, saboda haka asid ɗin ma mol 0,010 ne. In an raba da lita 0,010 sai a sami mol 1 a lita, wato giram 60 a lita, abin da ake rubutawa digiri 6 a jikin kwalba. A nan ƙa'idar da aka haddace ta yi daidai.

To, mu ɗauki matsalar Descroizilles. A ce an narka giram 1 na sodar kasuwa, ta ci mililita 15 na asid kuloridirik mai ƙarfin mol 1 a lita kafin eliyantin ya juya. Asid ɗin mol 0,015 ne. Jimlar ita ce Na₂CO₃ + 2 HCl → 2 NaCl + H₂O + CO₂, wato mol ɗaya na soda yana cin mol biyu na asid. Sodar ke nan mol 0,0075, in an ninka da 106 sai a sami giram 0,795, kusan kashi 80 cikin 100 na kayan. Ɗalibin da ya manta da rabon zai sami giram 1,59 na soda cikin kaya mai nauyin giram 1, abin da ba ɗan kasuwar da zai yarda da shi. Haka abin yake ga asid sulfurik: in mililita 25 nasa sun ci mililita 30 na sodar wuta mai ƙarfin mol 0,1 a lita, amsar ita ce mol 0,06 a lita, wanda ya bi hadda kuwa zai rubuta 0,12.

Zaɓen shaida ma yana taɓa rabon. In aka gwada sodar nan da fenolftalin maimakon eliyantin, launin zai gushe a rabin hanya, lokacin da kowace ƙwayar soda ta ci ƙwayar asid ɗaya tak ta koma bikarbonat, kuma a wannan wuri rabon ɗaya da ɗaya ne. Saboda haka kafin a taɓa alƙalami sai an san wace haɗuwa ce launin ya shaida.

Kammalawa

Daga Geoffroy zuwa karɓar mol shekara 242 ce. Bututu da launi sun samu da wuri, domin kasuwa ta matsa. Rabon ne ya ci lokaci, kuma shi ne muke tsallakewa cikin minti ɗaya a aji. Malamin da ya fara darasi da labarin gangar toka, ya sa ɗalibai su rubuta jimlar haɗuwa kafin kowace lamba, ya kuma saba musu da tambayar ko amsar da suka samu za ta yiwu, ya ba su abin da zai tsaya musu ranar jarrabawa fiye da hadda.

Rashin kayan aiki, wanda makarantunmu da yawa ke fama da shi, bai hana a nuna tushen abin ba. Ruwan soɓorodo, wanda ake kira bisap a birane, ja ne cikin tsami, yakan koma kore mai duhu in ya haɗu da ruwan kanwa, kamar yadda furen Boyle ke yi. Sirinjin allura mai zanen mililita zai tsaya a matsayin biret, binegan kanti kuma ƙarfinsa a rubuce yake a jikin kwalba. Da waɗannan ɗalibai za su iya kwatanta jar kanwa da farar kanwa da ungurnu, su ga wadda ta fi cin tsami in nauyinsu ɗaya. Sai dai a faɗa musu cewa kanwa gauraye ce ta soda da bikarbonat da gishiri da ƙasa, kuma launin soɓorodo ba ya juyawa farat ɗaya, saboda haka abin da za su samu kwatanci ne, irin na cokulan Home. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aiki a nan, domin masu rini a karofi da masu dafa sabulun toka da masu sayar da kanwa suna da hanyoyinsu na gane ƙarfin kaya da sunayen da suke kiran kowane iri. Ya dace a rubuta waɗannan daga bakinsu, a kai su aji, a gwada su da awon ɗigo.